Kafanchan Bayan Wucewar Jirgi

Kowace Asabar da hantsi akwai wasu dattawa biyu da kan haɗu a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, su sami gefen dakali su zauna. Ba jirgi suke jira ba, domin shekaru ke nan rabon da a ga jirgin fasinja yana zuwa yana komawa bisa ƙa'ida ta wannan wuri. Ɗayansu Bahaushe ne, haifaffen garin, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana juya layi a mahaɗar. Ɗayan kuwa mutumin Bajju ne daga wajen Zonkwa, ya fara da zuba wa inji kwal, daga baya ya zama direba. Wannan yana ce wa wancan Alhaji, wancan kuma yana ce wa wannan Dattijo, saboda dattijo ne a majami'arsu. Dukansu biyu sun ba tamanin baya ko suna dab da ita. Alhaji har yanzu bai rabu da agogon hannu ba, kuma yakan duba shi a kai a kai kamar mai tsoron kada wani abu ya same shi bai shirya ba.

Wanda ya tashi a zamanin babur da tirela zai yi wuya ya gane abin da ke kawo su. Abin da zai gani bai wuce ciyawa da ta rufe dogo ba, da tsofaffin taragu da tsatsa ta cinye, da awaki suna kiwo inda a dā ko kaza ba ta isa ta gifta ba. Amma su abin da suke gani daban ne, kuma ya kamata a saurare su tun suna da sauran numfashi.

Dogon da ya ɗaukaka Kafanchan daga Fatakwal ya taso. Turawan mulki sun fara shimfiɗa shi a 1913, ya isa Inugu a 1916 domin kwasar kwal, sa'an nan aka yi ta turo shi arewa ta Makurɗi da Lafiya har ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano a Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya balle daga Kafanchan ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau dutse zuwa Jos, inda ake haƙar kuza. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a ƙetarar da su kogin Binuwai. Daga baya kuma, tsakanin 1958 da 1964, aka ja layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Watau duk jirgin da ya fito daga bakin teku ta gabas, ko Kaduna ya nufa, ko Jos, ko Borno, tilas ne ya tsaya a Kafanchan ya sha ruwa, a canja masa ma'aikata, a ware taragun da za su yi nan daga waɗanda za su yi can.

Galibi akan ce jirgi ne ya haifi Kafanchan. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ba cikakkiya ba ce, kuma mutanen Fantswam ba su jin daɗinta, da gaskiyarsu kuwa, domin suna zaune a wannan ƙasa tun kafin a san abin da ake kira dogo, sunan garin ma daga nasu ya samo asali. Haka nan masarautar Jama'a, wadda aka kafa tun farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, ba a nan take ba da farko. Sai a 1933 aka dawo da fadar sarki Kafanchan, bayan da aka ga inda kasuwa da jama'a suka karkata. Abin da jirgi ya yi shi ne ya tara baƙi a kan 'yan ƙasa, ya ɗora sarauta a kan duka, cikin 'yan shekaru kaɗan, ba tare da an zauna an tambayi kowa ba. Tambayar wane ne mai gari tun daga lokacin take kwance. Ba ta tashi ba ne kawai, saboda kowa yana da aikin yi.

Aiki kuwa akwai shi. In Alhaji ya fara ba da labari, ba ya farawa da sarakuna ko Turawa, da ƙarar jiniyar loko yake farawa, wadda da ita mata ke sanin lokacin ɗora tukunya, yara kuma su san sun makara. Akawun kaya Ibo ne, mai sayar da tikiti Bayarabe, makaniki mutumin Tibi ko Idoma, leburorin gyaran layi kuwa daga Kaninkon da Kagoro da Jaba da Kataf. Duk a kwatas ɗaya, famfo ɗaya, ranar albashi ɗaya. Jirgi in ya tsaya, dandamali ya cika maƙil: ga masu ƙosai da waina, ga masu dafaffen ƙwai, ga lemo da ayaba, ga 'yan dako suna ta ɗauki sauke. Manja da gari su sauka daga kudu, shanu da wake da albasa su hau. Citta daga ƙasar Kwoi a buhu-buhu, ƙamshinta ya gauraye da hayaƙin kwal, har wanda ya saba yakan san kakar citta ta yi ko da idonsa a rufe. Yaron da ya tashi a nan yakan iya zagi da harshe huɗu kafin ya shiga aji uku. Hausa kuwa ta zama ta kowa, da ita ake ciniki, da ita ake huɗuba, da ita kuma ake wa'azi a majami'u, domin tun 1932 aka gama fassara Littafi Mai Tsarki cikinta.

Akwai wani abu guda da dattawan nan biyu kan koma kansa kusan kowane mako, ba su gajiya. Direba da ke shigowa mahaɗa cikin dare da taragu ashirin a bayansa ba ya ganin komai sai 'yar fitila. Ja ce ko kore, shi ke nan iliminsa. Wanda ya juya layin kuwa yana can cikin duhu da sanyin hunturu, in ya yi gyangyaɗi na minti ɗaya, ko ya karkata dogo zuwa inda wani jirgi ke tsaye, to, sai dai a kwashi gawa.

“Alhaji, shekara nawa raina yana hannunka?” in ji Dattijo.

“Kai ma ai nawa yana naka, Dattijo. Da ka taɓa shigowa da gudu fiye da ƙima, ni za ka fara niƙewa.”

Sai su yi dariya. Ba wanda ya taɓa kiran taron zaman lafiya domin ya koya musu yarda da juna. Aikin ne bai yiwuwa sai da ita. Mutumin da ka danƙa wa ranka kowane dare, in matarsa ta haihu dole ka je barka, in Salla ta zo ya aiko maka da nama, in Kirsimeti ta zo ka ci shinkafar gidansa. Wannan shi ne abin da ake kewa in an ce ana kewar Kafanchan ta dā, ko da masu faɗin ba su ambace shi da sunansa ba.

Sai dai mai kewa yana da wata ɗabi'a, ta tsallake shafin da bai so. A 1966, lokacin da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo kisan gilla a garuruwan Arewa, ta wannan mahaɗa jiragen da ke kwashe waɗanda suka tsira suka bi zuwa gabas, kuma cikin waɗanda suka gudu har da abokan aikin da aka yi shekaru ana cin tuwo tare. Alhaji yana matashi a lokacin. Yakan ce abin da bai manta ba shi ne ɗakunan kwatas a buɗe, da tukunya a kan murhu ba mai saukewa. In an zo nan hirarsu takan yi sanyi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, bayan yaƙi wasu sun dawo, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Saboda haka duk wanda ya ce a dā babu komai sai lumana, bai faɗi gaskiya duka ba.

Mutuwar dogo ba rana ɗaya ta zo ba, ciwo ne mai cin jiki sannu a hankali. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya tafi ga shimfiɗa tituna, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. Fari da cuta suka karya noman gyaɗa a tsakiyar shekarun nan, kwal ɗin Inugu ya rasa masu saye, farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Watau kayan da aka gina layin dominsu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. A 1979 gwamnati ta ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe Hukumar Jiragen Ƙasa na 'yan shekaru, aka ɗan ga sauƙi, suna tafiya aka koma gidan jiya. Jirgin da ake saita agogo da shi ya zama sai an kwana ana jira. Aka yi ta rage ma'aikata. Mai ƙosai ta kwashe kaskonta ta koma tashar mota, 'ya'yan leburori suka tashi ba su gaji aikin iyayensu ba, ba su kuma sami wani a madadinsa ba.

A cikin wannan hali ne, a watan Maris na 1987, gardama kan wani wa'azi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ta zama faɗa, faɗan ya fita gari, daga nan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. Aka ƙone masallatai da majami'u, aka yi asarar rayuka. Tun daga ranar sunan garin ya canja ma'ana a kunnen 'yan Nijeriya. A dā in an ce Kafanchan sai a tuna da tasha, daga baya sai a tuna da rikici. A 1992 aka yi na Zangon Kataf. A watan Mayu na 1999 aka sake yi a Kafanchan kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya fi muni, babbar kasuwar garin ta ƙone ƙurmus, mutane da yawa suka bar gidajen da aka haife su a ciki suka koma inda nasu suka fi yawa.

Ba daidai ba ne a ce rashin jirgi ne ya kunna waɗannan wutace. Tushensu ya girmi jirgi: akwai batun ƙasa, da sarauta, da tsohon ƙulli tun na zamanin hare-haren neman bayi, ga kuma 'yan siyasa masu rura wuta su koma gefe. Amma lalle jirgi yana cikin abubuwan da ke danne su. Garin da dubban magidanta ke ci daga tukunya ɗaya, kowa yana da abin da zai rasa in aka kwana ana faɗa. Matashin da bai taɓa yin aiki kafaɗa da kafaɗa da wanda ba addininsu ɗaya ba, labarin da aka ba shi kawai ya sani game da shi, kuma labarin da ake bayarwa bayan an yi jana'iza ba mai daɗi ba ne.

Garin dai bai mutu ba, kada a yi masa ƙarya. Ya ma fi dā girma. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga kwalejin da ta koma Gidan Waya, ga bankuna da shaguna da otal-otal. Ruwan Matsirga yana nan yana zuba, Kagoro tana bikin Afan ranar 1 ga Janairu kamar yadda aka saba tun zamanin Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar daga 1945 har 2008. Citta ma ana nomawa, duk da cutar da ta cinye gonaki a 2023 ta jefa manoma da yawa cikin bashi, sai dai yanzu tirela ke kwasarta, direban kuwa ba ya kwana a gari balle ya yi aboki. Maganar farfaɗo da dogo kuma ba a daina ba. A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda bai bi ta nan ba. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Dattawan nan sun ji a rediyo, sun yi murna daidai gwargwado, irin ta wanda aka sha yi wa alkawari.

Alhaji da Dattijo a dā katanga ɗaya ce tsakanin ɗakunansu. Yanzu wannan yana wannan gefen gari, wancan yana can, kuma ko da yake ba wanda ya hana su ziyartar juna, 'ya'yansu sun fi samun kwanciyar hankali in a tasha suka haɗu. Jikokinsu kuwa ba su san juna ba sai dai gaisuwa daga kan babur.

Ran wata Asabar, da rana ta take, jikan Alhaji ya iso da babur ɗinsa, ya tsaya nesa kaɗan bai kashe inji ba.

“Baba, an kusa kiran azahar.”

Alhaji ya duba agogo, ya ce da sauran minti goma sha biyu. Yaron ya durƙusa ya gai da Dattijo, Dattijo ya tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgin ƙasa. Ya ce ya taɓa, sau ɗaya, daga Rigasa zuwa Abuja, akwai sanyi a ciki kamar ofis. Dattawan suka dubi juna. Dattijo ya nuna masa wani ƙarfe da ke tsaye cikin ciyawa, ya ce wannan shi ne abin da kakansa ya yi shekara talatin yana ja. Yaron ya dube shi, ya ce ai kuwa an yi sa'a 'yan jari-bola ba su gan shi ba.

Alhaji ya dafa kafaɗar jikansa ya hau. Dattijo ya ɗauki sandarsa, ya tsallake dogo a hankali, bayan ya duba dama da hagu.