Dodon Koɗin da Muka Ɗaura wa Fijo

Ina ɗan shekara sha bakwai aka kai ni koyon kanikanci a wani gareji a Chikaji, cikin Sabon Garin Zariya. A lokacin Fijo 504 ce sarauniyar titi. Tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, don haka kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Aikina wankin sassan inji da fetur a cikin tasa, da miƙa wa Maigida sifana tun bai buɗe baki ba.

Wata safiya da hunturu, wani ɗalibin injiniyanci daga Jami'ar Ahmadu Bello ya zo daga Samaru da 504 ɗin mahaifinsa. Ya buɗe but ya ciro wani ƙarfe a naɗe cikin buhun siminti, ya ce a Panteka ta Kaduna ya saye shi, daga jikin matacciyar mota mai shan dizal. Nauyinsa ya cika hannu biyu, siffarsa kamar dodon koɗi biyu da aka manne baya da baya. Na sa yatsa na taɓa 'yar farfelar ciki, ta juya sumul babu ko ƙara. Ranar na fara ganin turbo.

Ɗalibin ya durƙusa ya zana mana a ƙasa da tsinke. Hayaƙin da ke fita ta salansa ƙarfi ne da ake zubarwa. Idan aka bi da shi ta farfela ɗaya, sai ta juya ta biyu, ita kuma ta danna iska cikin silinda. Iska mai yawa da mai mai yawa, wuta ta ƙaru. Ya ce wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905, kuma farfelar kan wuce juyi dubu 100 a minti ɗaya.

Maigida ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, karatunka gaskiya ne. Amma wa zai ɗauki zafin? Fistan ɗin nan ba a yi shi don wannan kaya ba."

"Baba, mu gwada mana," in ji ɗalibin.

Mako uku muna kai. Mai walda ya lanƙwasa bututu, muka jawo baƙin mai daga inji zuwa turbo, muka huda kaskon mai don ya riƙa komawa, muka faɗaɗa kafireta. Abin da aljihun ɗalibin ya kasa shi ne fistan masu rage matsi, da na'urar sanyaya iskar da aka danna, da babban lagireto.

Ranar gwaji ina kujerar baya. Mun wuce Kwangila muka miƙi hanyar Kano. Da ɗalibin ya taka totur, motar ta ɗan yi jim, sai wani siririn fito ya taso daga ƙarƙashin bonet, bayana ya manne da kujera. Ban taɓa jin Fijo ta yi irin wannan zabura ba. Ba mu yi nisa ba Maigida ya ɗaga hannu, "Saki! Ka ji?" Wata ƙara ce ƙas-ƙas, kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Iskar da aka matsa ta yi zafi, fetur yana fashewa kafin lokacinsa. Allurar zafi ta haura, farin hayaƙi ya biyo mu. Da igiya aka jawo mu gida.

Da muka kwance kan silinda, gasket ya ƙone tsakanin silinda biyu, gefen fistan ɗaya ya narke kamar an gutsure shi. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗora fistan ɗin a tafin hannun ɗalibin ya ce, "Duk ƙarfin da ka ƙara, akwai mai biyansa a cikin inji. Ka fara nemo shi, ka ƙarfafa shi, sannan ka ƙara." Muka mayar da injin yadda yake, kuɗin hannu Maigida bai karɓa ba. Ɗalibin ya riƙa zuwa kowace Asabar har ya gama jami'a, yana koya mana lissafi, Maigida yana koya masa kunne.

Yau ina da gareji nawa, kuma motoci 'yan Beljiyam masu turbo daga masana'anta sun cika gari. Nakan ce wa direba ya canza baƙin mai a kan lokaci, kuma in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar inji minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don kada mai ya ƙone a jikin ƙarfe mai zafi. Narkakken fistan ɗin nan yana cikin akwatin kayan aikina. Maigida ya bar mini shi kafin rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Duk yaron da aka kawo mini koyo, shi nake fara sa masa a hannu kafin sifana.