Mu Ma Mun Taɓa Zuwa Sararin Samaniya

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a ƙofar gida a Jekadafari, an ɗauke wuta. Yara sun kewaye waya ɗaya suna sauraron littafin da ake karantawa a YouTube, labarin ɓarayi da ɗan sandan da ke bin sawunsu. Ko tari babu mai yi. Da aka kai ƙarshe, sai wani yaro ya ce mana, ai labarin tafiya duniyar taurari sai Turawa, Bahaushe bai iya ba.

Maganar ta sosa mana rai. Mu a zamaninmu mun karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Tare da Kilba muka yi ta yawo a sama, har in dare ya yi mu dinga leƙen taurari.

Laifin namu ne, jama'a, ba mu nuna musu ba. Duk mai tsohon kwafi a akwati ya kakkaɓe shi. Tunda yaran nan sauraro suke so, mu karanta musu da bakinmu.