Godiya ga Mutanen Bakin Kogin Kaduna

Na dawo Minna lafiya, alhamdu lillahi, kuma bashin da ke wuyana shi ne na gode wa mutanen da suka riƙe ni a kan ruwa tun daga Wushishi har Muregi, inda Kogin Kaduna yake zuba cikin Neja. Ni kaɗai ne a cikin kwalekwalen, daga ni sai filafili da gora da jarkar ruwan sha da garin rogo da ƙuli-ƙuli. Yawancin waɗanda suka taimake ni ba sa karanta mujalla, wasunsu ma Hausar tasu kaɗan ce, Nufanci ne bakinsu. Duk da haka zan rubuta, don mutanen gari su san irin mutanen da ke zaune a bakin kogin nan.

Na fara da dattijon da ya tare ni a daren farko. Na ja jirgi kan wani rairayi mai faɗi, na shimfiɗa tabarma, har na hura wuta. Ya taho a ƙaramin jirginsa ya ce, "Ɗana, ba a kwana a nan." Ya bayyana mini cewa kogin yanzu ba damina kaɗai yake bi ba. A sama akwai madatsar Shiroro da aka ƙaddamar a 1990, mai megawat 600, ga kuma sabuwar ta Zungeru mai megawat 700, kuma idan aka saki ruwa, rairayin da ka yi sallar isha'i a kansa yana iya nutsewa kafin asuba. Ya kai ni tudu, ya ɗaure jirgin da doguwar igiya a gindin bishiya, ya bar mata rara don jirgin ya tashi tare da ruwa. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Yini a kan kogi aiki ne. Da safe hazon hunturu yana rufe gaɓa, sai ka jira ya washe. Da rana ka tuƙa, ka kwashe ruwan da ke tsattsafowa da ƙwarya, ka zuba ido kan launin ruwa don gane inda yashi ya taru. Kafin magariba dole ka sami masauki, domin tafiyar dare ce ke cin rayuka a kogunan jiharmu.

Kusa da gadar Wuya, a hanyar Bida zuwa Mokwa, wani kututture da ke ɓoye a ruwa ya tsaga mini katako ɗaya. Wasu samari biyu da ke jan taru suka bar aikinsu, suka kife jirgin a gaɓa. Ɗaya ya yayyage tsohon buhu yana cusawa cikin tsagar da bakin wuƙa, ɗayan ya narka kwalta a gwangwani ya shafe, sannan suka buga fallen kwano da ƙananan ƙusoshi. Na miƙa musu kuɗi, babban ya mayar mini da hannuna, ya ce baƙon ruwa ba a karɓar nasa. Mahaifiyarsu ta aiko da shinkafar fadama da miyar tarwaɗa mai zafi. Inna, har yau ina jin ɗanɗanon miyar nan, Allah ya raya miki zuri'a.

A Muregi, garin mutanen Kede, waɗanda sarkinsu ke riƙe da sarautar Kuta kuma suka gaji tuƙin jirgi kaka da kakanni, wani matuƙi ya hana ni tsallaka Neja zuwa Pategi ni kaɗai. Ya ɗaura jirgina a jikin nasa mai inji ya ja ni.

Abin da ya tsaya mini a rai, a duk tafiyar ni kaɗai na ga ina sanye da rigar kariya, alhali yaran mutanen bakin kogin kullum suna kan ruwa. Na yi wa samarin Wuya alkawarin riguna, kuma da yardar Allah da kaina zan kai musu kafin ruwan bana ya sauka.