Nisan Kano da Sakkwato

A taswira, tsakanin Kano da Sakkwato bai wuce kimanin kilomita 370 ba idan aka miƙe ta sama, tafiyar da jirgi zai gama cikin ƙasa da awa guda. Wannan lissafi ne ya fara faɗowa a ran wani malamin Hausa a Kano ranar da ɗan tsohon malaminsa ya kira shi da asuba ya ce, "Malam, jikin Baba ya tsananta, tun jiya yake ambaton sunanka."

Dattijon nan shi ya koya masa karatun ajami da awon waƙa shekaru talatin da suka shige, shi ne kuma ya duba kundin digirinsa na uku. Shekara biyu ke nan yana ɗage ziyararsa, kullum da uzurin hanya.

Hanyar mota ta haura kilomita 500, tana bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau da Talatar Mafara, yankin da 'yan bindiga suka sha tare matafiya. Ya ɗauki makullin mota, sai uwargidansa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka dubi yaran nan." Ya ajiye makullin. A filin jirgin Malam Aminu Kano aka shaida masa babu jirgin da zai miƙe Sakkwato a ranar, sai dai ya sauka Abuja ya canja. Wato zai nausa kudu domin ya je yamma: kimanin kilomita 360 zuwa Abuja, kusan 490 daga can, jimillar ta ninka nisan asali har da ɗoriya.

Da hantsi ya isa Abuja. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe sararin Sakkwato, aka ɗage tashi, aka sake ɗagewa, daga bisani aka ce sai gobe. Yana zaune a ɗakin jira ya tuna darasin da dattijon ya taɓa yi musu kan yadda Bahaushe ke auna nisa. Fatake ba su san kilomita ba. Zango da kwana suke ƙirgawa, suna sa samuwar ruwa da lafiyar hanya a cikin lissafi. A 1824 Baturen nan Clapperton ya yi kimanin mako uku daga Kano zuwa Sakkwato, kuma sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da mahaya suka ratsa da shi dajin Gundumi. A wancan lokaci shi da 'yan ajinsu sun ɗauki zancen a matsayin tarihin da kwalta da jirgin sama suka riga suka binne.

Bayan la'asar saƙo ya shigo wayarsa. Kafin magariba an yi jana'iza.

Washegari ya sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III, ya zarce gidan makoki. Bayan addu'a ɗan marigayin ya miƙa masa wani tsohon kundin waƙoƙin ajami da mahaifinsa ya so ya ba shi hannu da hannu. Wani tsoho a zauren ya tambaye shi yaushe ya baro Kano. Ya ce jiya da safe. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah! Da can in munka yi sammako da mota, Kano mu ka sallar la'asar."

Malamin bai tanka ba. Ya ƙirga awannin a ransa: da ya bi ta Gusau, da ya iske malaminsa da rai, in har hanyar ta bar shi ya isa.