Manhaja Ba Ta Cika Sai da Littafinta

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikin matakan da gwamnati ta ɗauka a kan 'yan bindiga. Dutsin-Ma na ciki, haka Funtuwa da Malumfashi da Jibiya da Batsari. Birnin Katsina, inda nake zaune, bai shiga ba. Saboda haka na ɗauka lamarin bai taɓa aikina ba, sai ranar da ƙanena ya yi sallama a shagona na gyaran kwamfuta da ke wajen Ƙofar Ƙaura, rungume da jaka, fuskarsa duk ƙura.

Malamin makaranta ne a yankin Dutsin-Ma. Watanni kafin nan ni na girka masa LibreOffice a kwamfutarsa, wato manhajar rubutu da lissafi da aka soma a 2010, wadda kowa ke da izinin saukewa da rabawa da gyarawa ba tare da biyan ko kwabo ba. Yana haɗa sakamakon ɗalibansa, sai ya manta yadda ake sa manhajar ta fitar da na ɗaya da na biyu har zuwa na ƙarshe. Ya danna F1, maɓallin neman taimako, kamar yadda na koya masa. Manhajar ta nufi intanet neman amsa, intanet kuwa babu. Ya ɗauki waya zai kira ni, babu sabis.

"Yaya, ai kai ka ce duk abin da ya shige mini duhu in danna nan," in ji shi, yana nuna maɓallin.

Ban sami abin cewa ba. Amsar da yake nema layi ɗaya ce, wani umarni da ake kira RANK. Don wannan layin ya hau mota ya biyo hanyar da a lokacin kowa ke bi da addu'a a baki. Laifin kuwa nawa ne. A shafin da ake sauke LibreOffice, manhajar daban take, littafin jagorarta daban. Na sauke ta farko, na tsallake na biyun don in rage cin data. Idan littafin yana cikin kwamfuta, F1 shi yake buɗewa nan take. Idan babu shi, sai a tura mutum intanet.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin dalilin da ya sa ake raba manhaja da littafinta, na kuma tarar dalilan ba na banza ba ne.

Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta isowa hannunmu kai tsaye daga waɗanda suka rubuta ta. A tsarin Linux, akwai masu ɗaure ta cikin ƙunshi, yawancinsu 'yan sa kai, irin na Debian da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda Ubuntu ya tsiro daga jikinsa a 2004. Su ne ke yanke shawarar abin da zai shiga ƙunshi da wanda zai tsaya a waje. Littafin jagora kuwa kaya ne mai nauyi: shafuffuka da hotunan allo, kuma kowane harshe da nasa. Da za a cusa wa kowa littafin Jamusanci da na Japananci da na Faransanci, da mu masu sayen data da ƙyar muka fi kowa kuka. Shi ya sa al'adar Debian ita ce a ware babban littafi a ƙunshi na daban, mai ɗauke da "-doc" a ƙarshen sunansa. GIMP, manhajar gyaran hoto, ita ma littafinta a ware yake, harshe-harshe.

Inda gizo ke saƙar shi ne alaƙar da ake ƙullawa tsakanin ƙunshin biyu. A Debian matakai uku ne: abin da manhaja ba ta aiki sai da shi, abin da aka so a haɗa da ita, da abin da aka ambata kawai a matsayin shawara. Na ɗaya da na biyu suna sauka da kansu idan mutum ya girka manhaja. Na uku ba ya sauka sai an neme shi da suna, kuma a nan littattafan jagora da yawa suke zama. Kalma ɗaya ce a cikin fayil ɗin da mai ɗaure ƙunshi ke rubutawa. Ga wanda ke Balin ko Landan, inda intanet yake kamar iska, ba ta da wani nauyi. Ga malamin da ke ƙauyen da aka kashe wa turken sabis, ita ce bambancin samun amsa a ɗaki da shiga mota.

Akwai kuma batun lasisi. A 2006 mambobin Debian suka kaɗa ƙuri'a cewa littafin da ke da sassan da aka hana sauyawa bai cika sharaɗin 'yanci ba. Sakamakon haka wasu littattafan GNU, har da na Emacs, suka koma rumbun da ba a buɗe shi sai mutum ya buɗe da kansa. Manhajar na cikin gida, littafinta na bayan katanga.

Ko da intanet ɗin yana nan, littafin da ke cikin kwamfuta yana da fifiko guda: shi ne na ainihin zubin da ke gabanka. Wanda ya je neman amsa a intanet kan faɗa kan bayanin sabon zubi, a ce masa ya danna maɓallin da babu shi a tsohuwar manhajarsa.

Mu Katsinawa wannan ba baƙon tunani ba ne. Wali Ɗan Masani, a ƙarni na 17, sharhi ya rubuta wa Ishiriniya. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin zaure ya ga yadda bayani ke zagaye matani a gefen takarda da tsakanin layuka. Magabata ba su bar fahimtar almajiri ta dogara ga samun malami a kusa kullum ba. Matani da sharhinsa gafaka ɗaya suke shiga, su yi tafiya tare.

Yanzu filashin da nake girke-girke da shi yana ɗauke da kowace manhaja tare da littafinta, zubi ɗaya. Kafin in miƙa wa mutum kwamfutarsa, sai na kashe intanet, na danna F1 a gabansa. Idan shafi bai buɗe ba, aikina bai ƙare ba. Ina roƙon masu girka kwamfutoci a makarantu da ofisoshi da asibitocinmu su riƙa yin wannan gwajin. Bai kai minti ɗaya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ƙanena ya kwana a gidana, da safe na girka masa littafin. Ya buɗe, ya nemo RANK da kansa, ya karanta a hankali yana bin Turancin da yatsa. Sannan ya ɗago ya ce, "To Yaya, na Hausa fa, wa zai rubuta?" Na raka shi tasha, tambayar kuwa ta biyo ni shago.