Takardar da ta faɗo daga Littafin Mama

1/
Jama'a, ku ba ni minti biyar. Akwai abin da ya same ni a gida lokacin Kirsimeti, har yau bai bar ni na yi barci da kyau ba. Zaren na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/
Ni ɗan Wusasa ne, Zariya. Wanda ya san garin ya san tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa. Can aka yi mini baftisma. Yanzu ina Abuja ina neman na tuwo, gida sai Kirsimeti da Ista.

3/
A gidanmu addu'ar safe ba ta da hutu. Ƙarfe 5:30 Mama za ta ta da waƙa a tsakar gida. Ko ƙarfe biyun dare ka sauka daga mota, sai ka fito. Ka zo da barcinka, a yi da kai.

4/
Idonta ya yi rauni yanzu, sai ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki ta ce in karanta. Na ce ina da shi a waya. Ta ce, "Wannan da ake kiranka a ciki ana tsakiyar aya? Karɓi nan."

5/
Littafin na kakanmu ne, tsohon juyin nan na 1932. Bangon ya tafi tuntuni, da ƙyallen zanen zumuntar mata ta ɗinke shi. Cikinsa kuwa kamar akwati: rasit ɗin kuɗin makarantarmu, hoton Baba, da naira 20 ta takarda mai hoton Murtala, irin ta kafin a koma ta leda a 2007.

6/
Karatun ranar Matiyu 18 ne, inda Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa. Ina yaro na buga lissafin na samu 490, na fara ƙirga wa ƙanwata laifinta a bayan littafin rubutu. Ta kai 60 kafin Mama ta kama ni 😂

7/
Ina buɗe wurin sai wata takarda ta faɗo. Rubutun Mama ne, jerin sunayen waɗanda take yi wa addu'a. Suna na farko ba nawa ba ne, ba na ƙanwata ba, ba na fasto ba. Na Baba Ƙarami ne.

8/
Bari in gaya muku ko wane ne. Ƙanen mahaifina. Da Baba ya rasu, ko wata uku ba a yi ba ya sayar da gonarmu, ya ce tasa ce tun kakanni. Gonar da masararta ke biyan kuɗin makarantarmu. Sai da ƙanwata ta zauna shekara guda a gida.

9/
Dattawan ikilisiya sun zauna a kan maganar har sau uku, ba ta kai ko'ina ba. Ni kuwa na yanke shi. Shekara shida ban gaishe shi ba. In ya zauna dama a sujada, ina hagu. Mu ci Jibin Ubangiji a teburi ɗaya, mu fita ta ƙofa daban.

10/
Abin kunyar, a Abuja ni malamin makarantar Lahadi ne. Na koya wa yara labarin Yusufu da 'yan'uwansa ya fi sau biyar, har da wasan kwaikwayo.

11/
Da aka ce amin na bi ta madafa. Na ce, "Mama, mutumin nan kika sa a farko? Gaba da 'ya'yanki?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ku ai ba na manta ku. Shi ne in ban rubuta ba zan tsallake."

12/
Na ce to kin yafe masa ke nan? Ta ce, "Na yau dai na yafe. Gobe in Ubangiji ya tashe mu, sai in sake."

Ta ce shekara biyun farko in ta ambaci sunansa kamar ta tauna maɗaci. Wata rana ma sunan kawai take iya faɗa, ta ce Allah ya ƙarasa sauran.

13/
Ni duk a zatona yafiya abu ne da ke sauko wa mutum rana ɗaya, zuciya ta yi fari tas. Tunda ban ji hakan ba, na ce lokacina bai yi ba. Ashe Mama kamar shara ta ɗauke ta: ka share yau, gobe ƙura ta dawo, ka sake ɗaukar tsintsiya.

14/
Kuma ba ta ce abin da ya yi daidai ne ba. Har yau in an ta da maganar gonar, ƙarara take cewa zalunci ne. Amma duk Kirsimeti kular shinkafa da kaza na zuwa gidansa, kamar yadda take zuwa gidajen maƙwabtanmu Musulmi.

15/
Na sake duba takardar. Sunana ne na biyu. A gabansa ta rubuta kalma ɗaya: "zuciya." Ni da nake zaton aure take roƙa mini 😭

16/
Ranar 26 ga Disamba na karɓi lambarsa a wurinta. Na zaga bayan gida sau uku kafin na danna. Ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Na faɗi sunana. Shiru.

Na ce, "Baba, barka da Kirsimeti." Ya ce, "Yauwa. Ya aiki?" Na ce lafiya. Daƙiƙa 48, waya ta nuna mini.

17/
Bai nemi gafara ba. Gona ba ta dawo ba, an ma yi gini a kanta. Da na kashe wayar hannuna na rawa, kuma gaskiya haushin na nan. Sai dai ya ɗan rage nauyi, kamar an sauke mini mudu ɗaya daga buhu.

18/
Yanzu ni ma na buɗe jerina a waya. Sunansa ne a sama. Yau da safe na tsallake shi da gangan, sai da na je bakin titi ina jiran mota na koma na faɗa.

19/
Ista na zuwa. Mama ta ce ni zan kai kular da hannuna. Ban ce e ba tukuna. In kana cikin masu addu'a, sa ni a naka jerin, ko a ƙarshe ne 🙏🏾