Abin da na koya a bitar jarrabawar 'yata



Makonni uku ke nan falona ya zama aji. 'Yata da ke karatun lauya a jami'a tana shirin jarrabawar dokar aikin likita, ni kuma na zama mai riƙe mata takarda. Bayan sallar isha'i sai ta miƙo min ƙananan katuna, in karanto sunan shari'a, ita kuma ta amsa abu uku: me ya faru, wace doka ta shafa, me kotu ta yanke. Ta ce hadda kaɗai ba ta fid da ɗalibi, domin malami labari yake ƙirƙirowa ya ce ka yanke hukunci. Ni da karatuna ya tsaya a difloma, na ɗauka nawa kawai duba takarda.

Wani dare muka zo kan shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, inda Kotun Ƙoli ta wanke likitan da ya bi ra'ayin wata mara lafiya da ta ƙi a ƙara mata jini saboda addininta. Ka'idar ita ce baligi mai hankali shi ke da ikon yarda ko ƙin a yi masa magani. Sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, mutanen da kuke kaiwa asibiti, wa ke sa musu hannu?"

Na yi shiru. Na tuna wani dattijo mai sayar da goro a nan Sabo da na raka asibiti shekarun baya, ciwon suga ya ci masa ƙafa. Likita ya yi bayani da Turanci, na sa hannu, na juya na ce masa, "Baba, ƙaramin aiki ne." Ya farka ya tarar babu yatsu biyu. Ya warke, amma da na je dubiya abin da ya ce kawai shi ne, "Sakatare, ai da ka faɗa min." A lokacin gani nake tausayi na yi masa.

Ta buɗe min Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 23 ya ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin magani da haɗarinsu, da haƙƙinsa na ƙi, kuma in da hali cikin harshen da yake ji. Sashe na 26 ya ce bayanin ciwon mutum sirri ne. Nan ma jikina ya yi sanyi, don sau nawa na tashi a taro na faɗi ciwon wani dalla-dalla wai don a tausaya a ba da gudummawa? Sashe na 20 kuma ya hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Wannan ya kamata 'yan acaɓarmu da masu dako su sani.

A taro mai zuwa zan kawo shawara biyu: mai rakiya ya tsaya a tafinta, ya faɗi duk abin da likita ya ce, mai ciwo ya sa hannu ko ya dangwala da kansa, sannan kada a ambaci ciwon kowa a taro sai da izininsa.

Ranar Litinin za ta shiga jarrabawar. Ina roƙon ku sa ta a addu'a, ita da sauran 'ya'yanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yafe mana kurakuranmu.